Motar da Inna Ta Gane da Hannu

Akwai wani mutum da kowa ke kira Auta, duk da cewa furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, sunan ya bi shi har girma. Sana'arsa gilashi ce: tagogi, madubai, da ƙofofin manyan shaguna.

Auta yana son mahaifiyarsa, wannan ba a ja. Amma yana da ciwo guda, jama'a. Duk abin da ba ya ƙyalli, a wurinsa bai cika abu ba. Takalminsa kaɗai, in ka sunkuya, sai ka gyara zaman hularka a ciki.

Mahaifiyar tasu, Inna, yanar ido ce ta kama ta. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan haske, tana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Likita ya duba ya ce na daman zai gyaru in aka yi aiki yanzu, in kuwa aka ƙara jan ƙafa, sai dai haƙuri. Likitan baƙo ne, ya ba su ranar Alhamis, nan da mako uku. Daga ranar zai koma inda ya fito.

To, ga inda gizo ke saƙar. Asibitin tafiyar sa'a biyu ce, Inna kuwa ba ta shiga mota.

Tun tana budurwa take tsoron mota. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa shawo kanta, shi ne mijinta, a tsohuwar motarsa. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi tana gefensa. Da Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce, aka lulluɓe motar da tamfol a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, Inna kuma ba ta sake taka bakin titi ba.

Auta ya kawo sabuwar motarsa mai sanyi har ƙofar ɗaki. Inna ta shafa murfin, ta janye hannu. Yaya Babba, wadda ita ce ta fari a cikinsu, ta yi lallashi har muryarta ta dushe.

Inna ta ce, "Ni motar da na sani guda ce. In ba ita ba, ku bar ni da duhuna, mun saba."

Auta ya yi tsalle ya miƙe. "Au, Inna, dama abin ke nan? Ai sai ki faɗa tun farko!"

Ya kira bakanike. Kwana huɗu ana fama da mai da batir, a na biyar injin ya yi tari sau biyu ya tashi. Amma da Auta ya buɗe ƙofa ya leƙa ciki, sai ya ɓata fuska. Dashbod, wato allon da ke gaban kujerun gaba, ya tsattsage. Allunan da ke rufe ƙofofi ta ciki sun koɗe. Ƙyallen rufi ya zubo yana shafar kai. Murfin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, inda ake ɗora hannu, ya yi baƙi ya sule.

Ya ce, "A wannan zan kai uwata asibiti? A ce Auta mai gilashi ya ɗauko tsohuwarsa a akurkin kaji?"

Yaya Babba ta ce, "Kai Auta, Inna fa ba gani take yi ba."

"Ni ina gani, Yaya. Duniya ma tana gani."

Bakaniken ne ya kwatanta masa wani tsoho a ƙarshen layin masu gyara, bayan mai facin taya. Aikinsa gyaran cikin mota, kuma duk layin babu mai hannunsa. Baba Laluba ake ce masa. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa don tsokana, saboda komai aka kawo masa sai ya rufe ido ya lalube shi kafin ya yi magana. Shi kuwa ko a jikinsa, da sunan yake amsawa.

Auta ya kai motar can. Shagon doguwar rumfa ce mai warin gam da fata. A bango ɗaya an rataye ƙananan samfura iri-iri. A ɗaya bangon kuwa kantoci ne har rufi, cike da ƙunshi-ƙunshi naɗe a tsofaffin barguna, kowanne an rubuta masa lambar mota da alli. Auta ya kalle su ya taɓe baki, a ransa ya ce tsofaffi dai da tara tarkace.

Baba Laluba ya amsa sallama, ya goge hannu, bai tambayi komai ba. Ya buɗe motar ya zauna a kujerar direba, ya rufe ido. Ya bi sitiyari da tafin hannu, ya bi giya, ya bi gefen ƙofa. Sannan ya zagaya ya zauna a ɗaya kujerar, ya sake rufe ido. Ya daɗe a nan.

Auta ya duba agogo. Ya yi gyaran murya. Ya sake duba agogo.

Can Baba ya ce, idonsa a rufe, "Mai motar nan ba ya gudu. Kuma da hannu ɗaya yake tuƙi, na hagu."

Auta ya ɗan yi turus. "Haka ne. Marigayi mahaifina ne."

"Allah ya jiƙansa. Mutum ɗaya ne ke zama a nan gefensa, kuma mace ce. Gajeriya ce, don ba a taɓa tura kujerar baya ba. Tana tsoron mota ƙwarai. Kawo hannunka."

Ya kama hannun Auta ya ɗora a kan mariƙin ƙofa. A ƙarƙashin mariƙin, inda ido ba ya kaiwa, akwai 'yan ramuka huɗu a jere, sun yi santsi, daidai yatsu huɗu.

"Nan take ƙanƙamewa. Wannan 'yar tsagar kuma zobe ne, a yatsan tsakiya take sa shi."

Zoben azurfar yana nan a yatsan Inna har yau.

Baba ya mayar da hannun kan murfin akwatin tsakiya. "Ga babban abin. Ka ji wurin nan ya sule? Ba wuri ɗaya ba ne, biyu ne. Wannan daga kujerarta ya zo, wannan daga tasa. A tsakiya suka haɗu. Shi ya sa yake tuƙi da hannu ɗaya, yaro. Ɗayan yana nan kusa da nata."

Wallahi mamaki ya kama Auta. Shekarunsa nawa yana zama a bayan motar nan, yana rigima da Yaya a kan wa zai zauna bakin taga, bai taɓa lura ba. Ya kalli tsohon kamar ya ga mai duba.

Amma kun san mai girman kai. Mamakinsa ba ya daɗewa. Ya janye hannu, ya share maƙogwaro, ya ce, "To madalla, Baba. Duk a ciccire. Nuna min samfura."

Baba ya jera masa guda biyar a kan benci. Akwai mai zanen katako. Akwai mai ɗan kaushi irin na fata. Akwai toka-toka marar sheƙi. Akwai mai saƙa-saƙa irin ta motocin tsere. Na ƙarshe baƙi ne wuluk, yana ƙyalli har Auta ya ga haƙoransa a ciki.

Auta ko sauran bai kalla ba, ya nuna baƙin. "Wannan. A yi masa layin ƙarfe mai walƙiya a gefe-gefe. Daga gaba har baya."

Baba ya ɗauki samfurin ya fita rana da shi, ya ɗora a saman dashbod, ya ce wa Auta ya zauna a kujerar direba ya kalli titi. Auta ya zauna, ya ɗaga kai, sai ya kare ido da hannu. Hasken ya daki baƙin nan ya koma gilashin gaba, titi ya ɓace ɓat.

"Ka gani? A cikin shago kowane abu kyakkyawa ne, a rana ake zaɓe. Saman dashbod ba zan sa mai sheƙi ba, ko za ka yanka ni."

"To, saman kaɗai," in ji Auta, yana cin magani. "Sauran yadda na ce."

"Wa za a ɗauka a motar?"

"Mahaifiyata. Aikin ido za a yi mata."

"Ita ce mai zoben?"

"Ita ce."

"Tana gani?"

"Ba sosai ba."

Baba ya tattara samfuran biyar ya miƙa masa. "To ba kai ne mai zaɓe ba. Kai mata ta taɓa. Mai ido kwana uku yake kallon cikin mota ya daina, hannu ne ke zama da ita. Ita kuwa hannun ne idonta yanzu. Da ni ne kai, ƙofarta da murfin nan ba zan taɓa su ba."

Auta ya mayar da samfuran kan benci. "Baba, ba-zata nake so in yi mata. Kuma aiki na kawo maka, ba shawara na zo nema ba. In ba za ka iya ba, ka faɗa min, masu aiki ba su ƙare ba."

Masu gyaran da ke kusa suka yi tsit, don ba a yi wa Baba irin wannan maganar a layin. Shi kuwa ya yi murmushi kawai.

"Zan iya. Na faɗa maka sau biyu, na sauke nauyi. Tsofaffin allunan fa, in na cire?"

"A ƙona su."

Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki alli ya tafi bayan motar yana kallon lambarta.

Kwana goma sha biyu aikin ya ci. Ranar Litinin da hantsi, saura kwana uku ranar asibiti, Auta ya zo ɗauka, ya tarar da mutane sun kewaye motar.

Jama'a, gaskiya a faɗe ta, aiki ya yi kyau. Duk da ransa bai so ba, Baba bai rage komai daga hannunsa ba. Ba ka ganin inda allo ya ƙare wani ya fara. Layin ƙarfen ya taso daga ƙofar nan ya zagaya ya sauka a waccan ba tare da ya karkace ko da silin gashi ba. Mai facin taya ya leƙa ya ce, "Kai! Wannan ai sai a cire takalmi kafin a shiga." Wani ya rantse cewa ko daga kamfani ba ta fito haka ba.

Auta ya ji kansa ya kumbura. Ya ce, "Baba, ka gani ko? Da na bi taka, da yanzu muna akurki."

"Allah ya sa ta karɓa," in ji Baba.

Da ya shigo gida da motar, Inna tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta. Tana jin ƙarar injin sai ta ɗago kai. Fuskarta ta washe irin yadda ba su gani ba tun rasuwar.

"Ita ce. Muryarta ce. Ku kama ni."

Yaya Babba ta riƙe ta har bakin mota. Inna ta shafa rufin, ta shafa murfin ƙofar ta waje, tana murmushi. Ta yi bismillah ta zauna. Auta yana tsaye yana ta washe baki, yana jiran yabo.

Hannunta na dama ya tafi wurin mariƙi da kansa. Ya tarar da abu mai sanyi, mai santsi, yatsun suka zame. Ta sake kamawa, suka sake zamewa. Ta kai hannun hagu tsakiya, sai ta ci karo da bakin ƙarfe. Ta laluba gaba, ta laluba baya. Murmushin ya tafi.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ita ce, Inna! Gyara na yi miki, in kin ga yadda take ƙyalli..."

"In na gani da me?"

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Kun cire injinta kun sa a wata motar don ku yaudare ni, saboda ba na gani." Ta janye hannunta. "Ni kuka mayar yarinya? Ina wurin hannuna? Ina wurin hannun babanku?"

Ta fito da kanta, ta ƙi yarda kowa ya riƙe ta, tana bin bango har ɗaki. Inna da ta yi zaman makokin mijinta ba wanda ya ji muryarta, ranar suka jiyo kukanta daga tsakar gida.

Yaya Babba ta juyo ta kalli ƙanenta. "Ka huta? Garin neman gira ka rasa mana ido. Abu ɗaya ya rage mata na babanmu, ka je ka goge shi don mutanen titi su tafa maka."

Auta ya matsa kusa da motar. Ya tsaya yana kallon cikin motar, ya ga fuskarsa a allon ƙofa, ya kau da kai. Bakinsa ne ya ce a ƙona. Saura kwana uku, likita zai tafi, kuma shi da kansa ya rufe wa uwarsa hanya.

Bayan la'asar ya koma layin masu gyara. Bai ko kula takalminsa da ya taka baƙin mai ba. Ya tarar da Baba yana ɗinkin wata kujera, ya durƙusa a gabansa a gaban kowa.

"Baba, na ƙi ji, ga shi na gani. Ta ƙi motar. Don Allah, ko za ka iya ƙera irin tsofaffin? Ko kama da su?"

"Ba zan iya ba," in ji Baba, bai ɗago ba. "Abin da hannu ya yi shekara talatin yana yi, ba a yin sa a kwana uku."

Hawaye suka zubo wa Auta. "To shi ke nan. Ni na makantar da ita."

Baba ya cire zare, ya soke allura a gefen kujera. "Tashi ka ɗauko tsanin can. Kanta na uku daga sama, bargo mai ruwan ƙasa. Ka karanta lambar."

Auta ya hau tsanin. Ya karanta lambar sau biyu. Ta motar mahaifinsa ce.

Suka kwance bargon a kan benci. Allunan ƙofa huɗu, mariƙai, murfin akwatin tsakiya, duk suna nan. Ba ma haka kaɗai ba. An wanke su. An liƙe tsagogin ta baya, yadda ba a taɓa fuskar ba. 'Yan maƙalan robar da suka karye wajen cirewa duk an sauya su da sababbi.

"Baba... yaushe ka yi wannan?"

"Tsakanin aiki da aiki. Na san za ka dawo, ranar ce ban sani ba." Ya nuna kantocin da haɓa. "Shekara arba'in ina wannan sana'ar, ban taɓa ƙona abin da na cire daga motar mutum ba. Masu cewa a ƙona suna da yawa. Masu dawowa nema ma ba kaɗan ba ne."

Auta ya ɗaga kai ya bi kantocin nan da kallo, tun daga ƙasa har rufi. Ranar farko tarkace ya gani. Yanzu sai ya ji kwarjininsu ya cika shi.

"Kukan ya isa," in ji Baba. "Gobe da sassafe ka sa tsofaffin tufafi ka zo da motar. Kai ka ɓata, da kai za a gyara."

Talata da Laraba, Auta mai gilashi ya wuni a rumfar Baba yana miƙa sukurudireba. Suka cire baƙin nan mai ƙyalli ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da tsofaffin. Baba ya shafa musu wani mai marar sheƙi, kaɗan-kaɗan, don kada su ƙara bushewa. Amma da ya zo ramukan yatsu da wurin da ya sule a murfi, sai ya ɗage tsummansa ya tsallake.

Matsala ɗaya ta rage. Fuskar dashbod ta wajen Inna ta lalace tun asali, ba ta mayuwa. Dole a sa sabuwa. Baba ya zubo samfura goma sha ɗaya masu kaushin fata, ya ajiye guntun tsohuwar a gefe.

Auta ya nuna ɗaya. "Wannan ce kalarsu ta zo ɗaya."

"Wa ya tambaye ka kala? Rufe ido."

Ya rufe. Ya shafa tsohuwar, ya shafa sababbin. Duk ɗaya ya ji su.

"Baba, ni ban ji bambanci ba."

"Yo ina za ka ji, hannu ya saba da gilashi? Ka daina sauri. Da kan yatsa ake ji, ba da tafi ba. Ka ɗauka kai ne ita."

Ya sake. Sau uku, sau huɗu, har mai facin taya ya leƙo ya ce, "Lallai, Baba Laluba ya samu magaji." Aka yi dariya, Auta bai buɗe ido ba. A hankali sai yatsunsa suka fara ji. Wannan ƙwayoyinta manya ne. Wannan ta cika tauri. Wannan sanyi gare ta. Can ya tsaya a kan ɗaya, ya koma tsohuwar, ya dawo.

"Wannan."

Ya buɗe ido. Ita ce mafi muni a cikinsu, wata toka-toka da ko kyauta aka ba shi da can ba zai karɓa ba.

Baba ya gyaɗa kai. "Ita na zaɓa tun ranar farko."

Alhamis da sassafe Auta ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce motar ita ce, ba a sauya ta ba, shi ne ya sa aka cire kayan cikinta don kunyar idon mutane, kuma wani bawan Allah ya ajiye su bai ƙona ba.

"Ba na ce ki tafi ba, Inna. Ki zo ki taɓa kawai. In ba ita ba ce, ba zan sake yi miki maganar asibiti ba."

Inna ta miƙa hannu Yaya Babba ta kama.

Ta zauna a kujerar, ƙafa ɗaya a waje. Hannun dama ya tashi a hankali, ya sami mariƙin, ya zagaya ƙarƙashinsa. Yatsu huɗu suka faɗa ramuka huɗu. Zoben ya zauna a 'yar tsagarsa.

Ba wanda ya yi motsi. Yaya Babba ta toshe baki da mayafi.

Inna ta ɗora hannun hagu a kan murfin tsakiya, daidai inda ya sule. Ta bar shi a nan. Sannan ta ɗan matsar da yatsunta gaba, zuwa ɗaya wurin, ta shafa shi sau biyu. Leɓunanta suna motsi, addu'a take yi.

Ta janyo ɗaya ƙafar ta shigo da ita ciki.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Rufe min ƙofa. Ka zo ka sa hannunka a nan. Kuma ka ja a hankali, babanka ba ya wuce motar kowa."

Tafiyar sa'a biyu, sai da suka yi uku. Manyan motoci na ta yi masa hon, bai kula ba. Da hannun hagu ya yi tuƙin har ƙofar asibiti, suka tarar saura mutum biyu a kira sunanta.

Aiki ya yi kyau, da ikon Allah. Washegari aka cire bandeji. Wanda ta fara gani Auta ne, ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai kuma yaushe ka yi furfura ban sani ba?"

Da suka fito za su koma gida, ta zauna a kujerarta, ta bi cikin motar da kallo ta baƙin tabarau da aka ba ta. Sai ta fashe da dariya. "Ashe haka ta tsufa? Auta, ka yi ƙoƙari da ka shigo da ita cikin mutane."

Sannan idonta ya sauka a kan murfin tsakiya. Dariyar ta tsaya. Ga wurare biyu da suka sule, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, sun haɗu a tsakiya.

"Shekara talatin da ɗaya ina da ido biyu," in ji ta, "ban taɓa ganin wannan ba. Kai ni wurin mutumin."

Suka tarar da Baba a bakin rumfa. Inna ba ta fito ba, ta sauke gilashi. Baba ya matso ya gaishe ta, ya yi mata barka da arziki. Ta kalli fuskarsa kaɗan, ta daɗe tana kallon hannuwansa masu kanta da tabon gam.

"Kai ne ka yi min wannan aikin?"

"A'a, Hajiya. Aikinku ne ke da maigidan, shekara talatin kuna yin sa. Ni dai ban ɓata ba."

Inna ta yi ta sa masa albarka har sai da ya sunkuyar da kai. Auta kuwa idonsa ya kai kanta na uku daga sama. Bargo mai ruwan ƙasa ya koma wurinsa, da lambar motarsu a jiki, wani baƙin abu yana ɗan ƙyalli ta gefensa.

"Baba, waɗancan fa?"

"Suna nan," in ji Baba. "Su ma ba na ƙonawa."

Darasi: In za ka yi wa mutum alheri, ka auna shi da buƙatarsa, ba da idon masu kallo ba. Ba duk abin da ya tsufa ne ya lalace ba, wani tabon shi ne abin da mai shi ya fi so, don haka ka tambaya kafin ka goge. In wanda ya san aiki ya ja kunnenka, ka saurara. In kuma kai ne aka raina, ka yi haƙuri irin na Baba, ka ajiye wa mutum hanyar dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda iyayensa ke raye, ko Allah zai sa ya tambaye su abin da suke so kafin ya yanke musu.